Darasi na 7: Taron Sallah a Gida Cikin Kwanciyar Hankali

A wannan darasi za mu karanta yadda iyali za su taru ranar Sallah, su ci, su sha, su gaisa, su watse ba wanda ya tafi da ɓacin rai. Akwai lissafi kaɗan a ciki, akwai rubutu kaɗan. Kowa ya buɗe littafinsa, ya riƙe biro. Malami ko malama ya fara karanta sashe ɗaya da ƙarfi, sannan 'yan aji su karanta bi da bi. Kada a yi sauri. Darasin zai iya ɗaukar zama biyu ko uku.

Daga ina rigimar take tasowa?

Duk wanda ya tashi a babban gida a nan Jos, a Gangare, ko Unguwar Rogo, ko Dilimi, ko kuma a Bukuru, ya san yadda ranar Sallah take. Tun asuba tsakar gida ta cika da hayaƙi da hayaniyar yara. Ɗan da ke aiki a Abuja ya iso da iyalinsa. 'Yar da aka kai aure Bauci ta zo da goyo. Ana ta barka da Sallah, ana dariya. Amma kafin la'asar sai a ga wata ta shige ɗaki ta ja ƙofa, wani ya ɗauki makullin mota ya fita ba sallama, tsohuwa kuma ta yi tagumi a bakin ɗakinta.

In aka bi diddigi, tushen ɓacin ran ya daɗe a ƙasa. Ba a faɗi wanda zai sayi rago ba. Ba a faɗi wadda za ta yi tuwo da wadda za ta yi masa ba. Ba a faɗi inda baƙi za su kwana ba. Kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya sani. Ranar Sallah kuwa ga gajiya, ga rashin barci, ga aljihu ya yi sauƙi, sai 'yar ƙaramar magana ta tayar da ƙura. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da wannan darasi yake koyarwa ɗaya ne: a zauna tun da wuri, a yi magana, a rubuta abin da aka yanke. Ke da kike koyon rubutu yanzu, da kai, kuna iya zama masu riƙe wa gidanku wannan takarda.

Sanin lokaci

Ƙaramar Sallah tana zuwa ranar 1 ga Shawwal. Babbar Sallah tana zuwa ranar 10 ga Zulhajji. Tsakaninsu wata 2 ne da kwana 10 ko kusa da haka, wato albashi biyu ko uku kacal ga ma'aikaci. Wanda ya ƙarar da komai a ta farko zai tarar da ta biyu da hannu rabbana.

Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11, shi ya sa Sallah take matsowa baya kowace shekara. A 2024 an yi Babbar Sallah ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni. A Jos wannan damina ce. Saboda haka a tanadi busasshen itace ko gawayi, a san inda za a yi suya in ruwa ya sauko.

Sarkin Musulmi ne yake sanar da ganin wata. A Babbar Sallah ana samun kwana 9 cur bayan sanarwa. A Ƙaramar Sallah kuwa sai dare ake ji, gari na wayewa sai Idi. Uwargida mai dabara takan shirya kamar azumi 29 za a yi. In ya cika 30, ta sami kwana guda na hutu.

Mako 3 kafin Sallah, babban gida ya kira zama. Wanda yake nesa a kira shi a waya, ko a tura masa saƙon murya ta WhatsApp. A zaman nan a sa mata a ciki, domin su ne suka san yawan abin da gida yake ci.

Maganar kuɗi

A nan ne aka fi jin kunya, a nan kuma aka fi samun saɓani. Mutum zai yi shiru a gaban yayansa don kada a ce ya gaza, ya koma ɗaki ya yi ta gunaguni ga matarsa. Matar ta riƙe a zuciya, ranar Sallah ta huce a kan facalarta. Gara a ji kunyar minti goma a zaman shawara.

Ga misalin takardar da za a rubuta. Kuɗin da aka sa a nan na koyon lissafi ne kawai. In kun je Faringada sayen tumatir da kabeji da karas, ko Katako sayen hatsi, ku tambayi farashin ranar ku sa a takardarku.

Shinkafa mudu 8, kowane ₦2,500, ya kama ₦20,000
Man gyaɗa kwalba 4, kowace ₦3,000, ya kama ₦12,000
Kayan miya, ₦10,000
Naman watanda, ₦30,000
Gawayi da ruwan 'yan garuwa, ₦8,000
Na ko-ta-kwana, ₦10,000
Jimla, ₦90,000

Layin nan na ko-ta-kwana kada a tsallake shi. Baƙon da ba a zata ba zai zo, gas zai ƙare ana tsakiyar girki, yaro zai yi zazzaɓi. In ba a taɓa kuɗin ba, a ajiye su don Sallah mai zuwa.

To yaya za a raba? A ce 'yan'uwa huɗu ne. Ba dole kowa ya kawo daidai da na ɗan'uwansa ba, tunda samu ba ɗaya ba ne. Wani ya kawo ₦40,000, wani ₦25,000, wani ₦15,000, wata ₦10,000. Ku tara ku gani ko ya cika. Wanda ba shi da ko sisi a bana, a rubuta masa aiki: shi zai je kasuwa, shi zai tsaya kan fiɗa, shi zai kai wa dangi tuwo. Aikin nan ma gudummawa ce, kuma kada wanda ya kawo mai yawa ya riƙa ambatonsa a gaban mutane.

Akwai wani zalunci da muke yi ba mu lura ba. Wanda yake zaune a Abuja, ana ɗauka kuɗi yake shara. Da ya sauka daga mota kowa ya miƙo buƙata. Ba a tuna kuɗin hayar da yake biya, da kuɗin makarantar yaransa, da kuɗin motar da ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Wasu sun daina zuwa Sallah gida saboda wannan, ba don sun ƙi iyayensu ba. A tambaye shi tun da wuri abin da zai iya, a karɓa da godiya, a tsaya nan. Shi ma kada ya yi alkawarin abin da ya san ba zai cika ba don a yabe shi.

Sai maganar rago. Malamai sun bayyana cewa layya tana kan mai hali ne. Ni a ganina, magidancin da ya ci bashi da ruwa ya sayi rago don kada maƙwabta su yi magana, ya saya wa gidansa wata uku na ƙunci. Kun san karin maganar: Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. In an je 'Yan Shanu ko Kara ta Bukuru aka tarar kuɗi bai kai ba, a dawo gida da mutunci. Ana iya yanka ranar Sallah da kwana 2 da suke biye, don haka wanda bai samu a rana ta farko ba yana da sauran dama. Abin da ya shafi shekarun dabba, da aibin da yake hana ta yin layya, da haɗa kuɗi a sayi sa, a tambayi malamin da aka amince da shi kafin a biya kuɗi.

Rabon naman ma a rubuta shi. Wane gida za a kai wa cinya, wa za a ba kayan ciki, su wane ne mabuƙatan unguwa. Ba a sayar da naman layya, ba a kuma biyan mahauci ladansa da shi, kuɗi ake ba shi. In aka bar rabon sai an tsaya a kan nama da wuƙa a hannu, nan ne za a ji wata ta ce an kai wa dangin amarya mai tsoka, an bar wa nata ƙashi.

Ɗinki kuwa, a kai wa tela tun farkon azumi, ko kuma da zarar an idar da Ƙaramar Sallah in na Babba ne. A rubuta ranar karɓa a gabansa, a riƙe wani abu daga cikin kuɗin sai an karɓi kaya. Kuma a wanke wasu kaya masu kyau a goge a ajiye, ko da tela zai saɓa alkawari.

Wa zai yi me?

A gidaje da yawa mace ɗaya ko biyu ne suke ɗauke da Sallar gaba ɗaya. Ta kwana tana soya cincin da dubulan. Ta tashi kafin asuba ta ɗora tuwo. Ta yi wa yara wanka, ta shirya su. Maza su tafi Idi su dawo su zauna a tabarma, ita ko wanka ba ta yi ba. In ta ɗaga murya da rana sai a ce ba ta da haƙuri. Wannan ba adalci ba ne, kuma shi ne babban abin da yake ɓata Sallah a cikin gida. Ita ma Sallarta ce.

A juya bayan takardar kuɗi a rubuta aiki da sunan mai yi. Abin da ba ya lalacewa, irin su cincin, da niƙa, da gyaran kayan miya, da yajin nama, a gama shi kwana 2 ko 3 kafin Sallah. Facaloli su raba girki: wannan tuwo da miyar taushe, waccan masa, ɗaya kuma zoɓo da kunun aya. A riƙa juyawa kowace shekara, don kada a ce kullum wance ce take wankin hanji, wance kuma tana zaune da lalle a hannu. Wadda ta zo daga nesa a bar ta ta huta daren da ta iso, gari ya waye ta kama nata rabon. Mai ciki da mai jego a ba su aikin zaune.

Samari da maza suna da nasu: ɗibar ruwa, faskare, babbakar kai da ƙafa, yanka nama, share tsakar gida bayan fiɗa, kai kwanuka gidajen dangi da dawo da su. Ba abin kunya a ciki. Yaran da suka kai shekara 10 suna iya wanke kofuna da shimfiɗa tabarmi.

Kada a yawaita kalar abinci. Kala biyu masu daɗi da suka ishi kowa sun fi kala shida da suka kwantar da mai girki.

Wurin kwana ma a tsara. Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 ko fiye, kuma baƙon da ya zo daga Kano ko Sakkwato yakan sha mamakin sanyin dare. A gaya masa ya zo da rigar sanyi ta yara, a aro bargo in na gida bai isa ba. A kuma tambayi baƙo kwana nawa zai yi, cikin ladabi: "Gwaggo, har zuwa yaushe za mu same ki, don mu shirya?" Tambayar ba kora ba ce.

Baki

Kuɗi da aiki ana iya rubuta su. Baki kuwa sai kowa ya riƙe nasa.

Akwai tambayoyin da ake yi da fara'a amma suna soka. "Ke har yanzu ba ki fitar da miji ba?" "Shekara nawa da auren nan, shiru?" "Kai har yanzu ba aiki?" "Dubi ɗan wane ya gina gida." Mai tambayar zai manta kafin ya gama cin nama. Wadda aka tambaya za ta tafi da ita har watanni, wataƙila baɗi ta ƙi zuwa. Bazawarar da ta dawo gida, da matar da ba ta samu haihuwa ba, da saurayin da ya gama karatu yana zaune, duk sun san halin da suke ciki. Ba sa buƙatar a tuna musu a gaban taro. Mai son taimako da gaske ya ja mutum gefe wata rana.

In kuma ke aka yi wa, ga yadda za ki amsa ba tare da rashin kunya ba. Mutum biyu su tashi su karanta wannan a gaban aji:

Gwaggo: Wai ke har yanzu shiru? Ga ƙanwarki da 'ya'ya biyu.
'Ya: Gwaggo, a ci gaba da sa mu a addu'a. Bari in kawo miki zoɓo, na ga naki ya ƙare.

Ga wani kuma:

Kawu: Tunda yau kowa yana nan, sai a yi maganar gidan nan na gado.
Ɗa: Gaskiya ne Kawu, magana ce babba, ta fi ƙarfin yau. Allah ya ƙara girma, a sa mana rana bayan Sallah, mu zauna da Baba da malam, mata ma a sanar da su.

Ku lura, ɗan bai ce wa kawunsa a'a ba, bai kuma bari an buɗe maganar ba. Amma dole a sa ranar da gaske, a rubuta ta. In aka yi ta ɗagawa, kawun yana da gaskiya in ya sake tayar da ita baɗi. Gado, da bashin da ke tsakanin 'yan'uwa, da rikicin miji da mata, kowanne yana buƙatar zamansa daban, da mutanen da abin ya shafa kawai.

Siyasa ma a bar ta a waje. Haka saɓanin fahimtar addini. A nan Jos aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, kuma 'yan Tijjaniyya da Ƙadiriyya suna garin tun kafin nan. Gidaje da yawa akwai wannan akwai wancan, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa ya tafi filin Idin da ya natsu da shi, a dawo a haɗu a kwano ɗaya. Muhawarar da malamai suka shekara da shekaru suna yi ba za a gama ta a kan tabarmar Inna ba, sai dai a ɓata mata rai.

In rai ya riga ya ɓaci fa? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da cewa mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Ka fita ƙofar gida ka sha iska, ki shiga ɗaki ki sha ruwa. Wanda ya ga wuta tana shirin kamawa tsakanin mutum biyu, ya aiki ɗaya daga cikinsu wani wuri, ko ya kira salla in lokaci ya yi. Kada a tsaya tantance mai gaskiya a gaban yara da surukai.

Waɗanda suke gaba da juna tun kafin Sallah, kada a jira sai sun haɗu a tsakar gida. Ya zo a hadisi cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3 ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Babba ya kira su ɗaya bayan ɗaya tun a cikin makon, ya ji ta bakin kowa. Ko ba a warware komai ba, a samu su gaisa. Tilasta wa mutum ya durƙusa ya ba da haƙuri a gaban taro ba ya kawo sulhu, ƙara ƙulli yake yi.

Abu ɗaya game da waya: kada a ɗauki hoton mutum ko bidiyonsa a sa a WhatsApp ko TikTok ba da izininsa ba, balle matan aure da suke cikin aiki ba mayafi.

Yara da adalci

Yaro yana ganin abin da babba yake zaton bai gani ba. In maigida yana da mata biyu, ya daidaita kayan Sallah da cefane, ya faɗi tun da wuri inda za a ci abincin rana. Maraya, da ɗan riƙo, da agola, a ɗinka musu irin na 'ya'yan gida. In kuɗi ba zai kai ba, a rage tsadar yadin kowa. Ba abin da ya fi ciwo kamar yaro ya tsaya a gefe da tsohuwar riga yana kallon 'yan'uwansa.

Goron Sallah a nemi canji tun da wuri, a ba kowane yaro daidai da ɗan'uwansa. Masu fita yawon Sallah, ko gidan zu ko wurin shaƙatawa, a haɗa su da babba, a faɗa musu lokacin dawowa, kafin magariba. Ki rubuta lambar wayarki a 'yar takarda ki sa a aljihun ƙaramin yaro. Wannan rubutu kin iya shi yanzu.

Kada murna ta ƙare a asibiti

Kaskon suya a kafa shi a lungun da yara ba sa bi. In mai ko ruwan zafi ya ƙona wani, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20. Kada a shafa ƙwai, ko manja, ko man goge baki, ko gishiri. In ƙunar tana da faɗi, ko a fuska take, ko ƙaramin yaro ne, a tafi asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye, ba ya kan wuta ba ya cikin firij. Tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, naman layya a soya shi ya soyu sosai, ko a yi dambu ko kilishi. Abincin da ya huce a ɗumama shi har ya yi tururi kafin a ci. Wuƙa da faranti da suka taɓa ɗanyen nama a wanke su da sabulu. A ajiye fakitin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da suga, a gida saboda gudawa, ana dama shi a lita 1 ta ruwa mai tsabta.

Mai hawan jini da mai ciwon suga kada su bar maganinsu don ana biki, kuma kada a matsa musu da lemon kwalba da nama mai kitse da sunan kara. In Baba ya ce ya ƙoshi, ya ƙoshi.

Wannan kuma ku ja masa layi a littafinku: kada a shiga da garwashin gawayi ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi, kada a kunna janareta a cikin ɗaki ko a bakin taga. Suna fitar da iskar guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. Baƙi da sanyin Jos ya dama su ne suka fi faɗawa wannan haɗari, sai a gaya musu.

Hanya da maƙwabta

Mai zuwa daga Abuja ta Keffi da Akwanga zai hau Hawan Kibo, kuma duk direba ya san wurin ba na gaggawa ba ne. A taso da safe, a iso da rana. Kada a yi ta kiran direba a waya ana cewa ina kuke. Wanda bai samu zuwa ba saboda kuɗin mota ko aiki, a kira shi a gaisa da kowa, kada a yi masa gori. A wasu shekaru hukuma takan hana Keke Napep zirga-zirga a Jos da Bukuru ranar Sallah, don haka a saurari rediyo, a san yadda tsofaffi za su je Idi su dawo.

Garinmu ya ga tashin hankali a 2001 da 2008 da 2010, kuma har yau zukata suna saurin tsorata. In saƙo ya shigo waya cewa ana faɗa a wuri kaza, kada ka karanta shi da ƙarfi a tsakiyar mata da yara, kada ka tura wa wani. Kira wanda ka sani a unguwar ka tabbatar. Maƙwabcinka Kirista, ko abokin aikinka, ko mai sayen kayanka a kasuwa, ka sa sunansa a takardar rabon abinci. Mutanen Jos sun saba da wannan tun kaka da kakanni: tuwo da nama su tafi da Sallah, shinkafa da cincin su dawo da Kirsimeti. Kada a bari ya mutu a hannunmu.

Aikin aji

Lissafi. Zakkar fid-da-kai mudun Annabi 4 ce a kan kowane mutum, daga abincin da aka fi ci a gari, kuma ana fitar da ita kafin a tafi Idin Ƙaramar Sallah. Magidanci yana ciyar da mutum 9 har da shi kansa. Mudun Annabi nawa zai fitar? Sannan: yara 14 ne a gida, kowanne za a ba shi ₦200 goron Sallah. Nawa za a tanada? In kana da ₦5,000, nawa zai rage?

Shifta. Malami ya karanta, 'yan aji su rubuta, a kula da haruffa masu lanƙwasa: Ƙanwata ta ɗinka riga. Ba ma son ɓacin rai. 'Ya'yan maƙwabta sun zo barka da Sallah.

Rubutun saƙo. Ku kwafi wannan, sannan kowa ya rubuta nasa zuwa ga wani ɗan'uwansa na gaske:

"Assalamu alaikum Yaya. Baba ya ce mu haɗu ranar Lahadi bayan la'asar kan shirin Sallah. In ba za ka samu zuwa ba, za mu kira ka a waya. A gaida Anti da yara."

Tattaunawa. Ku kasu uku-uku. Wane aiki ne ya fi wahalar da mata a gidanku ranar Sallah, kuma wa zai iya karɓar wani sashe nasa? Wace tambaya ce kuka ji ana yi wa mutane wadda ya kamata a daina? Kada a ambaci sunan kowa, kuma abin da aka faɗa a aji ya tsaya a aji.

Aikin gida. Ka samu takarda mai tsabta, ka ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, ta zama gida uku. A gida na farko rubuta "Abin da za a saya", a na biyu "Kuɗinsa", a na uku "Wanda zai kawo". A bayanta rubuta ayyuka da masu yin su. Ka nuna wa babban gidanku, ka karanta masa in bai iya karatu ba, ka gyara abin da ya ce a gyara. Bayan Sallah da kwana 2, ƙara layi biyu a ƙasa: abin da ya yi saura, da abin da bai isa ba. Ninke takardar ka sa a cikin wannan littafi, ka zo da ita aji a zama na gaba.